Daga 'Yan Agwagi Zuwa Na'ura: Tarihin Binciken Gano Gubar Afulatoksin a Cikin Abinci

1.0 Gabatarwa

Tun fil azal ɗan Adam yana da hanyoyinsa na gane abincin da ya ɓaci. Ido yana ganin fumfuna a kan tuwon da ya kwana biyu, hanci yana jin ɗoyin nama, harshe kuma yana tofar da ƙwayar gyaɗa mai ɗaci. Waɗannan ma'aunai sun wadatar muddin ɓacin yana tafe da alama. Abin da ya haifar da fannin binciken da wannan maƙala ta sa a gaba shi ne samuwar wasu sinadarai masu kisa waɗanda ba su da wari, ba su da ɗanɗano, kuma gwargwadon ƙwayar gero guda daga cikinsu ya isa ya haramta buhunan hatsi da dama.

Maƙalar za ta bi diddigin tarihin gano ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai, wato afulatoksin, gubar da wata irin fumfuna ke zubawa a cikin gyaɗa da masara da irin auduga. An zaɓe ta ne saboda an san shekarar da labarinta ya fara, sannan kuma gonakin Nijeriya da jami'o'inta suna cikin labarin tun daga farkonsa. Za a ga cewa a cikin shekaru sittin ma'aunin masana ya yi ta ƙara kaifi, har ya kai ga ganin abin da hankali ba ya iya kwatantawa, amma kaifin nan ya fi tsare mai saye a ƙetare fiye da mai ci a gida.

Akwai kalmomi biyu da ya kamata a daidaita tun yanzu. An yi amfani da "guba" maimakon "dafi", domin a Hausa dafi ya fi karkata ga na maciji da kunama da wanda ake shafa wa kibiya, guba kuwa ita ce ake ci ko a sha. Ma'aunin da za a yi ta ambata shi ne mikirogiram a kilo. Mikirogiram ɗaya a kilo daidai yake da kashi ɗaya cikin biliyan, wato kamar a ce giram ɗaya a cikin tan dubu na gyaɗa.

2.0 Kafin 1960: Zamanin Neman Mai Algus

Binciken abinci ta hanyar kimiyya ya faro ne da neman maha'inci. A 1820 wani Bajamushe masanin haɗa sinadarai da ke zaune a Landan, Frederick Accum, ya wallafa littafi yana tona yadda ake zuba alif a burodi da jar dalma a cuku. Tsakanin 1851 da 1854 likita Arthur Hill Hassall ya duba dubban kayan abinci da madubin ƙara girma, mujallar Lancet kuma ta riƙa buga sakamakon tare da sunayen kantunan da aka kama. A 1836 James Marsh ya riga ya samar da gwajin gano gubar asinik. Bayan da alewa mai asinik ta kashe kimanin mutum 20 a garin Bradford a 1858, majalisar Ingila ta yi dokar farko ta hana algus a abinci a 1860.

Abin lura a wannan zango shi ne masanin ya san abin da yake nema kafin ya fara nema, kuma abin yana da yawan da za a iya gani. Dabarar da za ta buɗe ƙofar ganin ƙanƙanin abu ta zo ne daga wani gefe dabam. A 1906 wani masanin tsirrai na ƙasar Rasha, Mikhail Tswett, ya bayyana yadda ya rarrabe launukan ganye ta hanyar tsiyaya ruwansa a cikin bututu mai cike da garin alli. Duk wanda ya taɓa ganin tawada ta ɗiga a kan jiƙaƙƙiyar takarda ta bazu, wani launi ya yi nisa wani ya tsaya kusa, ya ga tushen wannan dabara, wadda ake kira kuromatogirafi. A ƙarshen shekarun 1950 Egon Stahl a Jamus ya daidaita wani nau'inta mai sauƙi, inda ake shafa siririn gari a kan farantin gilashi. Ke nan kayan aikin sun kammala 'yan shekaru kaɗan kafin buƙatarsu ta taso.

3.0 Annobar Talo-talo ta 1960

A cikin 1960 'yan talo-talo sama da 100,000 suka mutu a gonakin kiwon kudanci da gabashin Ingila cikin 'yan watanni. Tsuntsu yakan daina cin abinci, ya saki fukafukai, ya mutu cikin mako guda, idan aka feɗe shi kuma a tarar hantarsa ta lalace. Likitocin dabbobi sun nemi ƙwayar cuta ba su samu ba. Saboda rashin sanin asalinta aka laƙaba mata harafin X, wanda masu lissafi ke ba abin da ba a sani ba.

Bin sawun abincin tsuntsayen ne ya nuna cewa duk gonakin da annobar ta shafa sun ciyar da haɗin da ke ɗauke da tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Birazil. Aka gwada tunkuzar da neman duk gubar da aka sani a lokacin, daga maganin ƙwari zuwa ƙarafa masu guba da tsirrai masu kisa, ba a ga komai ba. A nan tsohon salon bincike ya tsaya cik, domin babu mai algus da za a kama, kuma gubar ba ta cikin kundin kowa.

Ana cikin haka sai labari ya zo daga Kenya cewa 'yan agwagi na mutuwa da alamu iri ɗaya, alhali gyaɗar da suka ci ta gabashin Afirka ce. Wannan ya kore zaton cewa laifin na ƙasar Birazil ne kaɗai. Ma'aikatu biyu suka haɗa hannu, wato Ɗakin Binciken Cututtukan Dabbobi da ke Weybridge da Cibiyar Nazarin Amfanin Ƙasashe Masu Zafi da ke Landan. A jikin gyaɗar da aka kawo daga Yuganda aka ga zaren fumfuna, aka raine ta a ɗakin gwaji, aka tabbatar da cewa ita ke samar da gubar. A ƙarshen 1961 Sargeant da Sheridan da O'Kelly da Carnaghan suka bayyana wannan a mujallar Nature. Sunan fumfunar a Latin shi ne Aspergillus flavus, kuma daga harafin farko na kalmar farko da gaɓar farko ta kalma ta biyu, haɗe da kalmar da ke nufin guba, aka ƙera sunan afulatoksin a 1962. Daga baya, a 1986, Richard Cole ya kawo hujjar cewa wata guba ta biyu da wannan fumfuna ke yi tana da hannu a wasu alamun da aka gani a jikin talo-talon, amma wannan bai rushe asalin binciken ba.

3.1 Ɗan Agwagwa a Matsayin Ma'auni

Ma'aunin farko na afulatoksin mai rai ne. An lura cewa ɗan agwagwa mai kwana ɗaya ya fi kowace dabbar gwaji saurin kamuwa, ta yadda abin da bai kai mikirogiram 20 ba ya isa ya kashe rabin waɗanda aka ba. Sai ya zama idan ana son a san ko wata tunkuza na da guba, a tatsi ruwanta da sinadari, a ɗura wa 'yan agwagi na 'yan kwanaki, a yanka su, a duba hantarsu a madubi. Idan ƙwayoyin hanyoyin maɗaciya sun yi yawa fiye da ƙima, to akwai guba. Gwaji ne mai gaskiya, domin yana auna illar kanta, sai dai yana cin mako guda, yana cin rayukan tsuntsaye, kuma ba ya faɗin adadi sai dai kintace. Ba a iya tsayar da jirgin ruwa a tasha ana jiran agwagwa.

Mafita ta zo daga wata ɗabi'a ta gubar. Idan aka haska ta da fitila mai irin hasken nan da ya wuce ganin ido, takan yi ƙyalli a cikin duhu. Da aka ɗiga ruwan tunkuza a kan farantin Stahl aka bar shi ya bazu, sai aka ga tabo iri biyu, mai ƙyallin shuɗi da mai ƙyallin kore. Aka ba su haruffan B da G, daga farkon sunayen launukan biyu a Ingilishi. Zuwa 1963 an rarrabe su huɗu, B1 da B2 da G1 da G2, kuma a wannan shekara ayarin George Büchi a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts a Amurka ya zana siffar ginin B1 da G1. A daidai wannan lokaci Allcroft da Carnaghan suka nuna cewa saniyar da ta ci tunkuza mai guba tana fitar da wani nau'in gubar a nononta, wanda daga baya aka kira M1. Shekara uku kacal tsakanin mutuwar talo-talo da sanin siffar abin da ya kashe su, saurin da ba a cika gani ba a tarihin wannan fanni.

Dalilin saurin ba ɓoyayye ba ne. Masana'antun man girki da na abincin dabbobi na Turai sun dogara ga gyaɗa. A 1961 ma'aikatan binciken kamfanin Unilever, Lancaster da Jenkins da Philp, suka ciyar da ɓeraye abinci mai kashi 20 cikin ɗari na tunkuzar Birazil. Bayan wata shida, tara daga cikin goma sha ɗaya sun kamu da sankarar hanta. A 1967 Wogan da Newberne suka nuna cewa mikirogiram 15 a kilo ya isa ya haifar da wannan sankara a jikin dukan ɓerayen da aka daɗe ana ba su. Abin da ya ci doma ba ya barin awai, don haka tambaya ta koma kan mutum.

4.0 Samaru da Ibadan

Lokacin da wannan labari ya ɓulla, Nijeriya tana kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Tun da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912 gyaɗa ta zama ƙashin bayan tattalin arzikin Arewa, dalar gyaɗa kuma ta zama tambarin birnin. Duk wani zargi a kan gyaɗa zargi ne a kan baitulmalin Jihar Arewa. Saboda haka ba a ɓata lokaci ba aka fara bincike a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Aikin da McDonald da Harkness suka wallafa kashi-kashi daga 1963 zuwa 1967 ya bambanta da na Landan ta fuskar tambayar da ya yi. A Landan ana tambayar ko akwai guba a cikin wannan buhu. A Samaru an tambayi lokacin da ta shiga da kuma hanyar da ta bi. Sun yi gwaji a Mokwa, inda damina ke da tsawo, da kuma Kano, inda take da gajarta, suna ɗibar gyaɗa a matakai dabam-dabam tun tana ƙasa har ta bushe. Sun samu cewa gyaɗar da aka cire a kan kari, kwansonta lafiya, galibi ba ta da guba. Gubar takan yawaita ne idan an bar gyaɗa a ƙasa bayan ta nuna, ko gara ta huda kwanson, ko fartanya ta fasa shi, ko kuma aka tara ta da harawarta a cikin laima ta daɗe ba ta bushe ba. Shawarar da ta fito daga wannan aiki manomi na iya aiki da ita ba tare da ya sayi komai ba: ya cire gyaɗa da zarar ta nuna, ya tsinke ta, ya shanya ta a rana ta bushe da wuri, ya ware mai fasasshen kwanso. Sai a shekarun 1980 masana a Dawson ta jihar Jojiya a Amurka suka tabbatar da ɗaya ɓangaren, cewa fari da zafin ƙasa a makonnin ƙarshe kafin cira suna ba fumfunar damar shiga tun gyaɗa tana cikin ƙasa, ko da kwansonta bai fashe ba. Ga yankin da damina kan ɗauke ba sallama, wannan ba ƙaramin bayani ba ne.

A Jami'ar Ibadan kuwa Farfesa Olumbe Bassir da ɗalibansa na sashen nazarin sinadaran jikin mai rai suka ɗauki wata tambayar, wato inda gubar ke zuwa bayan an ci ta. A 1967 Bassir da Osiyemi suka wallafa bincike a kan yadda ɓera ke fitar da ita ta ruwan maɗaciya. Wannan layin bincike ya ɗore a Ibadan har cikin shekarun 1970, kuma yana cikin ayyukan farko da aka yi a wata jami'ar Afirka a kan makomar gubar a cikin jiki.

A nan ya dace a gyara wata magana da ake yawan yi, cewa afulatoksin ce ta rushe dalar gyaɗa. Tarihi bai goyi bayan wannan kai tsaye ba. Farin farkon shekarun 1970, da annobar kuturtar gyaɗa da darɓa ta yaɗa a 1975, da ƙarancin farashin da hukumar sayen amfanin gona ke ba manomi, da kuma karkatar gwamnati ga man fetur, su suka kwashe dalar. Abin da za a iya ɗora wa gubar shi ne ta ƙara wahalar komawa kasuwar da aka bari.

5.0 Wake Ɗaya

Daga 1965 zuwa yau kowane ƙarni na masana ya zo da na'urar da ta fi ta baya gani. A farkon zamani Cibiyar Landan tana kasa samfuri ne gida huɗu, kuma duk abin da ya gaza mikirogiram 50 a kilo yana shiga gidan "kaɗan ko babu", domin idon mai duba ƙyalli a faranti bai da tabbas a ƙasa da haka. A shekarun 1970 aka fara tura ruwan samfuri da ƙarfin famfo ta cikin siririn bututu, na'ura kuma ta karanta ƙyallin ta ba da lamba, aka huta da gardamar idanu. A 1977 F. S. Chu na Jami'ar Wisconsin ya samar da sinadarin garkuwar jiki mai cafke afulatoksin, wanda ya share fagen gwaje-gwaje masu arha, har da ɗan tsinken takarda da ake tsomawa a karanta cikin mintoci a bakin rumbu. A 2006 ayarin Sulyok da Krska a Tulln ta ƙasar Ostiriya ya bayyana hanyar auna gubar fumfuna iri 39 a gwaji guda, ta amfani da na'urar da ke tantance sinadari bisa nauyin ƙwayarsa.

Duk da haka akwai wata matsala da kaifin na'ura bai taɓa warwarewa ba, kuma ita ce mafi ban sha'awa a wannan tarihi. Gubar ba ta bazuwa daidai a cikin buhu kamar gishiri a miya. Takan taru ne a cikin 'yan ƙwayoyi ƙalilan. A 1966 Cucullu da abokan aikinta a Amurka suka auna ƙwayoyin gyaɗa ɗaya bayan ɗaya, suka tarar da ƙwayar da adadin gubarta ya haura mikirogiram miliyan ɗaya a kilo, alhali maƙwabtanta ba su da komai. Bahaushe ya ce wake ɗaya ke ɓata gari, kuma a nan maganar ta tashi daga karin magana ta zama lissafi. Idan ƙwaya ɗaya cikin dubbai ce ke ɗauke da gubar, to mai ɗibar cikin tafi daga bakin buhu yana iya kuskure ta ya wanke kayan da ya kamata a ƙi, ko ya ci karo da ita ya haramta kayan da matsakaicinsu ke da kyau.

Thomas Whitaker, wani injiniya na ma'aikatar gona ta Amurka da ke aiki a Karolina ta Arewa, ya shafe shekaru masu yawa daga ƙarshen shekarun 1960 yana lissafin wannan kuskure. Ya nuna cewa mafi yawan saɓanin da ake samu tsakanin gwaji da gwaji yana fitowa ne daga ɗibar samfuri, kason na'ura a ciki kuwa ƙarami ne. A kan irin wannan lissafi hukumar Codex, wadda ke tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ta tsayar da cewa samfurin ɓararriyar gyaɗa ya kai kilo 20, a tsinto shi daga wurare da yawa, a niƙe shi duka kafin a ɗebi abin gwaji. Wannan yana da ma'ana ga mai tan ashirin a tashar jirgin ruwa. Ga matar da ta sayi tiya uku a kasuwar ƙauye domin ta yi ƙuli-ƙuli, samfurin ya ninka jarinta. Ana iya cewa an gina ilimin awon ne a kan siffar cinikin ƙetare, kuma har yau bai sami siffar da ta dace da cinikin mudu ba.

6.0 Daga Buhu Zuwa Jikin Mutum

Tabbatar da illar gubar ga mutum ya fi wuya, tun da ba a ɗura wa mutum guba don gwaji. A farkon shekarun 1970 aka bi hanyar kwatance. Alpert a Yuganda, Shank a Tailan, Peers da Linsell a gundumar Murang'a ta Kenya, da van Rensburg a Mozambik, duk sun auna gubar a abincin yankuna suka gwama da yawan sankarar hanta, suka ga inda ɗaya ya yi yawa ɗayan ma yakan yi. Masu suka suka ce yankunan nan su ne kuma ciwon hanta nau'in B ya yi wa katutu, don haka ba a san wanne ne mai laifi ba. Sukar tana da ƙarfi, kuma ta tsayar da muhawarar kusan shekara ashirin.

Game da kisan gaggawa babu gardama. A 1974 masara mai fumfuna ta kwantar da mutum 397 a jihohin Gujarat da Rajasthan na Indiya, 106 suka mutu. A 2004 aka sami mutum 317 da suka kamu a gabashin Kenya, musamman Makueni da Kitui, 125 suka rasu. Binciken kasuwannin yankin ya nuna kashi 55 cikin ɗari na samfuran masara sun haura iyakar mikirogiram 20, akwai ma wanda ya kai 46,400. A duka wuraren biyu an yi awon ne bayan an fara binne mutane.

Abin da ya warware gardamar sankara shi ne juya ma'aunin daga abinci zuwa jikin mai ci. Bayan hanta ta sarrafa B1, wani ɓangarensa yakan manne wa sinadarin gado na ƙwayar halitta, a ga burbushinsa a fitsari, wani kuma ya manne wa furotin na jini ya zauna har wata biyu ko uku. John Groopman a Amurka da Christopher Wild, wanda ya yi aiki mai yawa a Gambiya, suna cikin waɗanda suka mayar da wannan ya zama gwaji. A birnin Shanghai na ƙasar Sin an karɓi fitsarin maza 18,244 aka adana, aka jira. Sakamakon da aka wallafa a 1992 da 1994 ya nuna cewa mai alamar gubar kaɗai haɗarin sankararsa ya ninka kusan sau uku, mai ciwon hanta nau'in B kaɗai kusan sau bakwai, wanda ya haɗa biyun kuwa kusan sau sittin. Ashe kowane ɓangare na masu muhawarar yana riƙe da rabin gaskiya. Hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta riga ta sa afulatoksin a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa sankara ga mutum tun 1987, ta kuma sake tabbatar da haka bayan wannan sakamako.

Sabon ma'aunin ya buɗe wata ƙofa da ba a zata ba. A 2002 Gong da abokan aikinta suka auna jinin yara 480 a Jamhuriyar Benin da Togo. Kusan dukansu suna ɗauke da alamar gubar, adadin yakan yi tsalle bayan yaye, lokacin da yaro ya koma kan kunun masara da gyaɗa, kuma yaran da suka tsumbure sun fi sauran yawanta. Gwama abu biyu ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan, domin gidan da ke cin ɓatacciyar masara shi ne kuma gidan da abinci bai wadata ba. Amma binciken ya mayar da maganar daga cutar manya zuwa girman yara.

7.0 Ma'auni da Kasuwa

Iyakar da doka ke sawa ta riƙa bin sawun abin da na'ura ke iya gani. Amurka ta sa mikirogiram 30 a 1965, ta rage zuwa 20 a 1969. A 1966 kwamitin haɗin gwiwa na hukumomin abinci da lafiya da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da 30 ga garin gyaɗar da ake ba yara masu tamowa, bisa hujjar cewa yunwar da ke gabansu ta fi sankarar da ke nesa kusa da kisa. A 1998 Tarayyar Turai ta tsayar da 4 ga jimlar gubar da 2 ga B1 a gyaɗar da za a ci kai tsaye, yayin da Codex ta tsaya a 15 ga wadda za a ƙara sarrafawa.

A 2001 masu binciken Bankin Duniya, Otsuki da Wilson da Sewadeh, suka ƙiyasta cewa tsaurin Turai zai tsirar da ƙasa da rai biyu cikin biliyan a shekara, ya kuma jawo wa ƙasashen Afirka asarar dala miliyan 670. Lambar ta yi yawo ƙwarai a tarurruka. Sai dai a 2012 Xiong da Beghin suka sake duba alƙaluman cinikin bayan dokar ta fara aiki, ba su ga shaidar cewa ita ta rage fitar gyaɗar Afirka ba, suka jingina raguwar ga matsalolin noma na cikin gida. Ko wanne ne ya fi daidai, muhawarar tasu a kan abin da ya fita ce. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne makomar wanda bai fita ba. Idan ɗan kasuwa ya tsince gyaɗa ya fitar da mai kyau, ƙanƙararriyar da mai tabon ba a zubar da su. Sukan koma kasuwa da rahusa, a matse mansu, gubar kuma ta fi zama a cikin tunkuza. Suya ko dahuwa ba ta kashe ta sai kaɗan, tun da ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 260. Tsarin da aka gani a gyaɗa ya maimaita kansa a wake, lokacin da Tarayyar Turai ta dakatar da busasshen waken Nijeriya a watan Yunin 2015 saboda maganin ƙwari na dikulobos da ya haura iyakar miligiram 0.01 a kilo. A tashoshin Turai aka gano shi, alhali daga rumbunan da ake ɗibar na gida aka ɗebo shi.

An sami sauyi a 'yan shekarun baya. An kafa Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa a 1993. A Cibiyar Aikin Gona ta Ƙasashe Masu Zafi da ke Ibadan, Ranajit Bandyopadhyay tare da Peter Cotty na ma'aikatar gona ta Amurka suka tantance dubban nau'o'in wannan fumfuna daga gonakin Nijeriya, suka zaɓi huɗu waɗanda ba sa yin guba. Ana shafa su a jikin gasasshiyar dawa mai launin shuɗi, a watsa kilo 10 a kowace hekta makonni biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure, su riga masu gubar kama wuri. An yi wa wannan haɗi rajista da sunan Aflasafe a 2014, kuma gwaje-gwajen gona sun nuna raguwar gubar da kashi 80 cikin ɗari ko fiye. Ba don arhar awo ba da ba a iya tantance dubban nau'o'in ba.

A shekarar 2014 ɗin dai Chibundu Ezekiel da abokan aikinsa suka wallafa binciken fitsarin mutum 120, manya da matasa da yara, daga ƙauyukan jihar Kaduna, ta amfani da na'urar Tulln. Sun sami burbushin gubar fumfuna iri dabam-dabam a kusan rabin waɗanda aka gwada, har da M1, nau'in da aka fara gani a nonon shanun Ingila shekaru hamsin da suka gabata. Samfuran sai da aka kai su Ostiriya kafin a auna.